Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan rabuwar masoyan shirin nan

Wallahi 'yar'uwa, da na karanta tambayarki sai na ji kamar ni na rubuta ta. Kin ce shafin shirin da kike bi ya sa hoton masoyan nan biyu an yage shi, an ce sun rabu, tun ranar kin kasa barci, kina tambaya ko da gaske ne, ko kuma ki daina kallo. Lafiyarki lau, ni ma na ɗanɗana.

Talla ce, ki sa a ranki. Ki duba ranar da za su saki sabon zango, za ki ga ta kusa. Dabarar ma ba tasu ba ce. A Amurka, kamfanin Mattel mai yin 'yar tsanar nan Barbie ya sanar a watan Fabrairun 2004 cewa ta rabu da saurayinta Ken bayan shekara 43, ana gab da ranar masoya. Roba fa! Amma jaridu suka ɗauka, har aka samo mata wani saurayin ɗan Ostareliya mai suna Blaine, shi ma na sayarwa. A 2011 aka ce sun shirya.

Abin da ya ƙona mini rai ni ba masu shirin ba ne, shugabar gurup ɗinmu ce ta WhatsApp, mu masu kallo a nan Yamai. Baiwar Allahn nan ita ta raba mu gida biyu, 'yan bayan miji da 'yan bayan mata. Kullum da dare sai ta turo vokal tana shessheƙa, ku faɗi ra'ayinku, ku faɗi ra'ayinku. Lokacin zafin Afrilu ne, kuran ya ɗauke, ina kwance a tsakar gida, forfe na intanet ya ƙare, na tashi yaro ya sayo mini kiredi don kawai in kare matar. Na yi vokal ina kuka, don abin ya taɓo mini wani tsohon ciwo na gidana. Gari bai waye ba shugabar ta tura shi wasu gurup-gurup. A wajen wani biki a unguwar Bukoki wata da ban sani ba ta ce mini, ke ce mai kukan nan? Mata suka kwashe da dariya, ga dangin maigidana a zaune. Da na yi wa shugabar magana, ko haƙuri ba ta ba ni ba, ta cire ni daga gurup ɗin. Daga baya na gane jama'a take tarawa don ta tallata turaren wutarta da atamfofi. Na bar ta da Allah, kuma har yau idan na hango ta a kasuwar Wadata sai in canza layi.

To don Allah kada ki yi vokal. In ya zama dole ki yi magana, rubuta, ki karanta, ki goge.

Kuma kada ki bi masu zuwa shafin 'yar wasan suna zaginta. Abin da aka rubuta mata ta faɗa, tana da iyaye, wataƙila da miji. A Agustan 2015 da aka sanar kwaɗon nan Kermit na shirin 'yan tsana na Amurka ya rabu da budurwarsa Miss Piggy, mako bakwai kafin tashar talabijin ta ABC ta fara sabon shirinsu, mutane suka yi ca a kan sabuwar budurwarsa Denise, alhali duka 'yan tsana ne da ake motsawa da hannu. Kowane zagi, kowane sharhi, ƙara tura shafin yake gaban mutane, kallo ya ƙaru a YouTube, kuɗi ya shiga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Maganar daina kallo kuwa, ni ban daina ba, ƙarya ba kyau. Sai dai yanzu ina bari a tara kashi da yawa, in je wurin masu tura finafinai su zuba mini a waya, ya fi sauƙi a kan forfen da ba ya kwana. Ki kula da 'yan matan gidanki ma, ɗiyata ta fi ni shiga abin, har abinci ta ƙi ci. Ki rufe ƙarar gurup ɗin naku na mako guda, kuma in shugabarku ta fara cewa ku turo murya, ki fita tun ba ta cire ki ba.