Wanda Ya Cuce Ni da Wanda Zan Ɗauka Aiki Ƙabilarsu Ɗaya

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina da ɗan kamfanin rarraba kaya. Shekara biyu da suka wuce, mai riƙe mini lissafi ya yi awon gaba da cinikin wata uku, har yau ko ƙeyarsa ban sake gani ba. Yanzu ina neman wani. Mutum biyar suka zo, kuma wanda ya fi su iya aiki ɗan ƙabilar wancan ne. Yayana ya ce kada in kuskura, duk halinsu ɗaya. Na rasa abin yi.

AMSA: Ɗan'uwa, Allah ya mayar maka da alheri. Ban ga laifinka ba da ka tsorata, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Amma bari in tambaye ka. Tun da ka fara kasuwanci, 'yan ƙabilarku nawa suka ci maka bashi suka hana? Na san ba za a rasa ba. Da suka yi, cewa ka yi wane ba shi da amana, ka ambaci sunansa shi kaɗai. Da bare ya yi, sai laifin ya hau kan miliyoyin mutanen da ba su ma san kana duniya ba. Haka zuciya take lissafinta: namu mukan gan su ɗaiɗai, na wasu mu yi musu kuɗin goro.

Ni ma na taɓa faɗawa. Akwai wani da muka yi aiki ofis ɗaya, kusan wata shida ina gaishe shi yana wucewa. Na riga na yanke hukunci, na ce ai mutanensu haka suke da girman kai, har na faɗa wa wasu. Ranar da muka zauna taro kusa da juna, sai na ga yana ta juyo da kansa, yana kara kunnen dama wajen mai magana. Ashe na hagu ba ya ji, ni kuwa teburina ta hagunsa yake. Kunyar da na ji ranar, Allah kaɗai ya sani.

Abin da ya fi damuna a batunka shi ne ka ɗauki sabon mutumin nan aiki kana masa kallon ɓarawo. A watan Afrilun 1968, washegarin kisan Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata a Amurka, wata malamar firamare a jihar Iowa ta Amurka, Jane Elliott, ta raba 'yan aji uku gida biyu bisa launin idonsu, ta ce musu ɓangare ɗaya ya fi ɗayan basira. Kafin a tashi, abokan jiya sun fara yi wa juna gori, waɗanda aka ƙasƙantar kuma suka kasa aikin da suka saba yi cikin sauƙi. Da ta juya lamarin, sai matsalar ta koma ɗaya ɓangaren. Babba ma yana gane idon zargi, kuma ma'aikacin kirki ba ya daɗewa a inda ake ƙirga numfashinsa.

Don haka ka binciki mutumin, shi kansa. Ka kira wuraren da ya yi aiki a baya, ka tambayi dalilin barinsa. Ka nemi mai tsaya masa. Ka sa wata uku na gwaji. Sannan ka gyara ƙofar da wancan ya bi: kada kuɗi su fita sai da sa hannun mutum biyu, kuma ka riƙa duba littafin lissafi da kanka duk ƙarshen mako. Cinikin wata uku ba ya ɓacewa sai in an daɗe ba a buɗe littafi ba, ka yi haƙuri da na faɗa. Wannan doka kuwa ta hau kan kowa, ko da ɗan Yayan naka ne ka ɗauka.

Shi kuma Yaya, ka tambaye shi cikin ladabi: 'yan ƙabilar nan nawa ya taɓa mu'amala da su da kansa? Ka rubuto mini amsar da ya ba ka.