Zan tafi Abuja neman gidan haya, kwana biyu za su ishe ni?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na samu aiki a wata ma'aikata da ke Sakatariyar Tarayya a Abuja, watan gobe zan kama. Ina so in taso da motata daga Kano ranar Asabar, in duba gidaje, in biya, in juyo ranar Lahadi. Ɗaki biyu da falo nake nema, ni da maiɗakina da yara biyu. Wani ejan ya turo min hotunan gida a Mararaba ta WhatsApp, ya ce in tura wani abu ya riƙe min kafin in iso. Mece ce shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya sanya alheri, Ya sa ka shiga a sa'a.

Kuɗin nan kada ka tura ko sisi. Gidan da ba ka taka ƙafarka ciki ba, ba ka ga mai shi ba, ba a kama shi da kafin alƙalami. Sau da yawa hoto ɗaya ne ke yawo a hannun ejan biyar, wataƙila ma gidan da mutane a ciki.

Sai maganar Asabar, wadda ta fi damuna. Abuja ta ƙarshen mako tana da yaudara. Ranar Lahadi da hantsi za ka taso daga Mararaba, ka wuce Nyanya, ka ratsa mahaɗar AYA, cikin rabin awa ga ka a ƙofar Sakatariya, har ka ce ashe mutane ƙarin gishiri suke yi. Bi hanyar nan ranar Litinin da ƙarfe bakwai, sai ka gane dalilin da ya sa mazauna can suke fita daga sallar asuba. Cunkoson yakan ci awa guda, wani lokaci har biyu, da yamma kuma a maimaita. Rangwamen da ka samu a haya, mai da gyaran mota za su karɓe shi da kaɗan-kaɗan. Don haka ka taso Lahadi, ka sauka wurin ɗan'uwa ko masauki, ka ba kanka Litinin zuwa Laraba. Duk unguwar da ta kwanta maka, ka tashi daga nan da safe ka tuƙa zuwa ofis kana kallon agogo.

Tafiyar kanta ta haura kilomita 400, ta Zariya da Kaduna. Ka fito da sassafe, yadda za ka gama da tsakanin Kaduna da Abuja da rana tsaka. Wajejen Rijana da Katari ba wurin yin dare ba ne.

Tunda ta Zuba za ka shigo, unguwannin da suka fi dacewa da kai suna kan hanyarka: Dei-Dei, Kubwa, Dutse Alhaji, sai Gwarinpa idan aljihu da nauyi. Ni dai mutumin Kano mai iyali, Kubwa nake fara nuna masa. Titinta zuwa cikin gari faffaɗa ne, akwai makarantu da kasuwa, ga tashar jirgin ƙasan da ya fara aiki a 2016, wanda zai sauke ka a Rigasa da ke Kaduna ranar da ba ka son tuƙi. Lugbe, kan hanyar filin jirgin sama, ita ma ba laifi. Suleja da Madalla sun fi araha, amma Jihar Neja ce, kamar yadda Mararaba take Nasarawa. In rigima ta haɗa ka da mai gida, kotun can za ku je.

Idan ka shiga gida, bar kallon fenti da tayil. Buɗe famfo. Unguwanni da yawa a gefen gari ruwan gwamnati bai kai musu ba, sai rijiyar burtsatse ko 'yan garuwa, kuma mai yara biyu ya san abin da kuɗin ruwa yake nufi. Duba mita: ta kati ce, taka ce kai kaɗai, ko da bashin wanda ya tashi a kanta? Tambayi layin wutar da gidan yake kai, domin tun Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka ware wa sa'o'in wuta mafi yawa, sosai. Dubi gindin katanga ko da shatin ruwa. Wasu sassan Lokogoma da Lugbe sun sha ambaliya da damina, kuma da rani ba mai gaya maka. Mai shayi ko mai gadin layin zai faɗa maka abin da ejan ya haɗiye.

Wajen kuɗi, hayar shekara ake biya dunƙule, kuma ba ita kaɗai ba ce. Ejan yakan ɗauki kashi 10 cikin 100, ga kuɗin lauya na rubuta yarjejeniya, ga kuɗin ajiya saboda ɓarna, a rukunin gidaje kuma ga na tsaro da kwashe shara. Ka sa a jero maka su a takarda ɗaya kafin ka ce na saya. Ka nemi ganin mai gida ko lauyansa ido da ido, ka tura kuɗin ta banki zuwa asusun da sunansa ya yi daidai da wanda ke cikin yarjejeniya, ka karɓi rasit. Karanta abin da aka rubuta game da wa'adin tashi. A dokar Abuja, ɗan hayar shekara yana da notis na wata shida, sai fa in ya sa hannu a kan ƙasa da haka, kuma wasu masu gidajen suna cusa wata ɗaya ko uku a tsakiyar takarda.

In Laraba ta yi ba ka samu wanda ya gamshe ka ba, ka juyo da kuɗinka. Kama aikin kana zaune wurin ɗan'uwa na wata guda, abokan ofis za su nuna maka gidajen da ba a tallarsu a waya. Iyali kuma su taho bayan ka kwana a gidan, ka ga yadda wutarsa da ruwansa suke.