Tambaya da Amsa: Wa ya zana fuskokin 'yan fashin teku?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a Zariya. Ina shirya darasi kan 'yan fashin tekun da suka addabi jiragen Turawa tsakanin 1650 da 1730, sai na yi ta cin karo da hoton wani mai baƙin gemu, hayaƙi na tashi ta gefen hularsa, wai shi ne Blackbeard. Ɗalibaina suka ce: tunda babu kyamara a lokacin, wa ya zana shi, kuma da gaske haka kamanninsa suke? Don Allah a warware mana.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Sannu da fama da yara, ka kuma gaishe mini da su, don sun yi tambayar masu hankali. Ka gaya musu babu wani hoton Blackbeard da aka zana yana raye. Duk waɗanda ke yawo, bayan mutuwarsa aka yi su, daga abin da aka ji ana faɗa.

Sunansa Edward Teach, wasu su rubuta Thatch. Sojojin ruwan Ingila ƙarƙashin Laftanar Robert Maynard suka kashe shi ranar 22 ga Nuwamba 1718 a Ocracoke, gaɓar North Carolina ta Amurka, suka fille kansa suka rataye a goshin jirginsu. Sai bayan shekara shida, a 1724, aka buga wani littafi a Landan mai suna A General History of the Pyrates, da sunan wani Kyaftin Charles Johnson. A ciki ne aka siffanta shi: gemu baƙi ƙirin da ya hau har kusa da idanu, yana kitsa shi ƙanana yana ɗaurewa da zare, bindigogi shida rataye a ƙirji, hular gashi a ka, in za a yi faɗa kuma sai ya cusa lagwani mai ci a ƙarƙashin hular, hayaƙi ya lulluɓe fuskarsa. Waɗannan kalmomin ne wani masassaƙin hoto mai suna Benjamin Cole ya mayar da su zane. Gemu da bindigogi da lagwani daga littafin suka fito. Hanci da ido da sauran fuska kuwa daga kan Cole. A 1736 aka sake fito da wani zanen na Joseph Nicholls, inda hular gashin ta koma mai kusurwa uku irin ta manyan gari, kuma ina kyautata zaton shi ne ka gani, don ya fi yawo.

Yana da kyau ɗalibai su san yadda ake aikin, saboda a nan dalilin yake. Masassaƙi zai sami fallen jan ƙarfe ya goge shi har ya yi sumul, sannan ya ɗauki wani ɗan ƙarfe mai tsini da mariƙin itace, ya riƙa turawa da tafin hannu yana yanka layi ɗaya-ɗaya. Inuwa ma da layuka ake yin ta, a gicciya su, inda ake son duhu a matse su. Wasu kuma sukan shafe fallen da kaki, su yi zanen da allura, su tsoma a ruwan asid ya ci wuraren da allurar ta buɗe. In an gama sai a shafe shi da tawada, a goge saman har tawadar ta rage a cikin ramukan kawai, a ɗora takarda mai danshi, a tura cikin injin matsi. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai sassaƙa hatimi a bakin kotu ya ga yadda yake rubutu a juye, to haka nan ma: abin da ke dama a falle, hagu zai fito a takarda. Shi ya sa in wani ya kwafi hoto daga bugaggen littafi kai tsaye, sai ka ga ɗan fashin da ke riƙe da takobi a dama ya koma bahago. Kuma kwafar ta yi yawa, don mai maɗaba'a kasuwa yake nema, shi kuwa masassaƙi ɗan ƙwadago ne da ake biya falle-falle. Ba wanda zai biya shi kuɗin jirgi zuwa Jamaika don ya duba fuskar ɓarawo.

Misalin da ya fi ba ni haushi shi ne na wasu mata biyu 'yan fashin teku, Anne Bonny da Mary Read. An yi musu shari'a a Jamaika a Nuwamban 1720, kuma wata mata mai suna Dorothy Thomas, wadda suka yi wa fashi, ta ba da shaida cewa rigunan maza da dogayen wanduna suka sa, sun ɗaure kai da ƙyalle, kowacce da adda da ƙaramar bindiga. Zanen Cole bai yi nisa da wannan ba. Amma da aka fassara littafin zuwa harshen Holan a 1725, sai masassaƙin can ya buɗe musu ƙirji ya sakar musu gashi, don littafi ya shiga kasuwa. Shaidar kotu na nan a rubuce, amma hoton tallan ne duniya ta riƙe.

Akwai wanda ya shafi yankinmu na Afirka ta Yamma. Cole ya zana wani ɗan fashi, Bartholomew Roberts, tsaye cikin ado, takobi a hannu, jirage a bayansa a mashigin Ouidah, wadda ke Jamhuriyar Benin a yau, inda ya kama jirage 11 a Janairun 1722. Ka ƙara wa ɗalibai abin da adon ke rufewa: jiragen bayi ne, kuma da kyaftin ɗin ɗaya daga cikinsu, Porcupine, ya ƙi biyan fansa, mutanen Roberts suka banka masa wuta da bayi kusan 80 a ɗaure a ciki. Wata guda bayan haka, ranar 10 ga Fabrairu, jirgin yaƙin Ingila mai suna Swallow ya kashe Roberts kusa da Cape Lopez a Gabon, aka kai mutanensa Cape Coast ta Ghana, aka rataye 52.

To ina gwanayen zane na zamanin? Suna nan, amma jirage suke zanawa, don masu jiragen ne ke da kuɗin biya. Willem van de Velde Babba, mutumin Holan da ya rasu a 1693, yakan bi rundunar ruwa a ƙaramin jirgi, ana ɓarin wuta da igwa yana zane a takarda. Shi da ɗansa, Willem Ƙarami, sun koma Ingila wajen 1672, Sarki Charles na Biyu ya yanka wa kowannensu fam 100 a shekara, ya ba su wurin aiki a Greenwich. A Amsterdam kuma akwai Ludolf Bakhuizen, gwanin zana teku in ta yi fushi. In kana son yara su ga ainihin jirgin wancan zamani, igiya ɗaya-ɗaya da bakin kowace igwa, wajen waɗannan za ka je. Ni dai na fi yarda da zanen jirgi ɗaya na van de Velde a kan fuskokin 'yan fashi goma.

Waɗanda suka zauna gaban mai zane da gaske su ne waɗanda suka wanke kansu suka shiga sahun masu mutunci. William Dampier ya yi shekaru cikin masu kai wa Sifaniyawa farmaki, amma da littafin tafiye-tafiyensa na 1697 ya yi suna, Thomas Murray ya zana shi riƙe da littafi, ba takobi ba bindiga. Woodes Rogers ya yi farmakin teku da izinin gwamnati, daga baya ya zama gwamnan Bahamas a 1718 yana farautar 'yan fashi, kuma William Hogarth ya zana shi da iyalinsa a 1729. Shi kuwa Henry Morgan, wani tsohon mai farmakin teku, da aka fassara littafin da wani mai suna Exquemelin ya rubuta kan 'yan fashin teku a 1678 zuwa Turanci a 1684, mai ɗauke da hotonsa cikin na ɓarayi, ya riga ya sami sarautar Sir, sai ya maka masu bugawa a kotu kan ɓata suna, ya kuma yi nasara.

TAMBAYA: Wata mai karatu daga Maraɗi ta ce: ɗan fashin da muke gani a majigi da ɗankwali ja, ɗan kunne da ɗamara mai faɗi fa, daga ina ya fito?

AMSA: Hajiya, wannan ai ɗan baya-bayan nan ne. Yawancinsa aikin Howard Pyle ne, Ba'amurke mai zana hotunan mujallu da littattafai, wanda aka haifa a 1853 ya rasu a 1911, kusan shekara 200 bayan Blackbeard. Ya haɗa kayan matuƙan jirgi da wasu sutura da suka burge shi, masu shirya fim suka ɗauka daga nan. Ɗan fashin 1720 kuwa kayan ma'aikacin jirgi yake sawa: guntuwar riga, wando mai kwalta a jiki, sai abin da ya ƙwace a jirgin wani.