Amsar Kawu Kan Tallar Zuma a Zaurukan Waya

Ɗana, assalamu alaikum.

Saƙonka ya iso ranar Talata. Ƙaninka ya kunna mini muryarka har sau biyu a gindin darbejiya bayan La'asar, na kuma ji ɓacin ran da ke cikinta. Ka ce tun da ka fara sayar da zumar da muke aika maka daga nan ƙasar Sumaila, kana sa hotonta da lambarka a duk zauren WhatsApp da kake ciki, na dangi da na 'yan ajinku har da na masallacin unguwarku. Zaure biyu sun cire ka, wani babba a dangi kuma ya jefa maka cewa yabon kai jahilci. Kana tambaya ko al'adarmu ta hana mutum tallar kayansa. Ka kuma ce abokanka sun ba ka shawarar ka sa wasu su riƙa yabon zumar da sunaye daban-daban, ko ba su taɓa ɗanɗana ta ba. Na sa yaron ya zauna da biro, don maganar ta fi ƙarfin saƙon murya.

Talla ba abin kunya ba ce, kada kowa ya sa maka wannan a rai. Da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa kakarka ta tufatar da mu. Mahaifiyarka da kanta ta ɗauki faifai ta zaga garin nan, muryarta har bakin rijiya ake jin ta. Amma da ka tambaye ta, da ta gaya maka inda ba ta taɓa tsayawa ba. Ba ta kiran ƙuli a ƙofar gidan da ake zaman makoki. Ba ta ratsa sahun masallata. In za ta shiga gida sai ta yi sallama, in aka ce yau ba ma saye sai ta juya, ba ta komawa gidan sau biyar kafin Azahar. Babu wanda ya zaunar da ita ya karanta mata wannan, a gida ta tashi ta ga ana yi.

Ƙaninka ya nuna mini zauren dangin. Ɗana, na gani da idona: an sanar da rasuwar gwaggonmu ta wajen Gaya, mutane suna ta Allah ya jiƙanta, sai ga hoton kwalbar zuma da farashi a tsakiyar ta'aziyya. Na san ba da gangan ka yi ba, ka tura wa zauruka da yawa lokaci ɗaya ba ka duba abin da ake ciki ba. To rashin dubawar shi ne laifin. Wanda ya shigo zaure bai tsaya ya ji zancen da ake yi ba ya hau nasa, ko a majalisar ƙofar gida sai an dube shi. Na masallaci kuwa, ka san hadisin da Tirmizi ya ruwaito, cewa in kun ga mai saye ko sayarwa a cikin masallaci ku ce kada Allah ya ba kasuwancinka riba. Ban ce zauren waya masallaci ba ne, wannan hukunci na malamai ne. Amma mutanen da suka buɗe shi don lokutan salla da gyaran rufi suka buɗe, kuma suna da haƙƙin a bar musu shi a haka.

Bari in gaya maka yadda labarin kaya yake tafiya, don na yi shekaru ina bin kasuwanni kafin gwiwa ta zaunar da ni. Alhamis Maigatari, Juma'a Wudil, Lahadi Dambatta. A duk cikinsu ban taɓa ganin baƙo ya sauke kaya ya hau ihu ya yi ciniki mai kyau ba. Baƙo wurin fatoma yake sauka, fatoma ya haɗa shi da dillali. Ka je kara a Wudil ka tsaya ka gani. Mai saniya yana gefe bakinsa a rufe, dillali ne ke magana. Me ya sa ake biyansa la'ada, alhali bai yi kiwo ba, bai ɗauko ba? Saboda sunansa ya ara maka. Mai saye bai san ka ba, amma ya san in saniyar ta fito ta sata ce ko mai ciwo, ga wanda zai kama mako mai zuwa a rumfa ɗaya. Bakin mai kaya kowa ya san abin da zai ce, shi ya sa ba ya da nauyi. Bakin wanda zai ji kunya in kayan sun ɓaci, shi ake saurara.

Zuma kuwa ta fi kowane kaya bukatar wannan, don ido ba ya raba ta gaskiya da wadda aka dafa da sukari. Ni kaina an taɓa cuta ta. Wata shekara amyoyinmu ba su yi ba, na sayi jarka biyu a hannun wani mutum a kasuwa, na sayar wa wani malamin makarantar allo kwalba uku don mahaifiyarsa da ke fama da tari. Bayan kwana kaɗan na buɗe ragowar na ji tana warin ƙonannen sukari. Daren nan ban yi barci ba. Da asuba na hau keke na je har tsangayarsa, na mayar masa da kuɗinsa a gaban almajiransa, na ce abin da na ba ka ba zuma ba ce. Asarar ta yi mini ciwo ƙwarai, don kuɗin taki ne na shekarar. Malamin nan bai ce mini komai ba sai Allah ya yi albarka. Amma daga ranar har ya bar duniya, duk wanda ya tambaye shi zuma, sai ya yage gefen takarda ya rubuta sunan garinmu da kwatancen gidan nan. Mutane sun zo mini daga wuraren da ƙafata ba ta taɓa takawa ba, kowa da 'yar takardarsa a aljihu, wata har ta yi laushi don daɗewa. Wasu 'ya'yansu ne suke saye a wurinka yanzu, ba ka sani ba.

Wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, takardar aljihu ta koma lamba. Da na sa ƙaninka ya bayyana mini yadda abin naku yake aiki, sai na ga ai shi ma a kan wannan aka gina shi. Ya ce abin da kuke sawa a sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, kuma ba mai ganinsa sai wanda ya ajiye lambarka kai ma ka ajiye tasa. Ya ce tun 2019 masu WhatsApp suka taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, kuma saƙon da aka yi ta turawa ana yi masa alama kowa ya gani. Ka ga ko su sun gane cewa mai watsa abu ko'ina damun mutane yake yi. Saboda haka abin da za ka nema shi ne mutum ya ajiye lambarka da hannunsa, ya rubuta mai zuma a jikinta, ranar da maƙwabcinsa ya tambaya ya tura masa. Mutum 30 irin waɗannan sun fi maka zaure mai mutum 500 da suke wuce hotonka da yatsa.

Shawarar abokanka kuwa, ka bar ta tun kafin ta yi nisa. Tana da suna a littafi. Najashu ke nan, mutum ya tsaya yana yabon kaya ko yana ƙara tayi ba don zai saya ba, sai don ya ruɗi na kusa da shi, kuma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya hana, yana cikin Buhari da Muslim. A kasuwa mun san masu yin haka, kuma da an gane su rumfar ta mutu. Kada ka ce ai maroƙi ma biyansa ake yi. Maroƙi da sanƙira a fili suke, kowa ya ga lokacin da aka miƙa musu kuɗi, ba wanda ya ɗauki kirarinsu shaida. Haka mai sanarwa a rediyo. In kana son irin wannan, ka je wurin mai kula da zauren ka yi sallama, ka ce ina da zuma, ko akwai ranar da kuka ware wa masu sana'a? In ya ce da kuɗi, ka biya, a kuma faɗa cewa talla ce. In ya ce a'a, ka yi godiya ka bar shi. Wanda ya saya ya ji daɗi kuma, ba laifi ka roƙe shi ya faɗa wa mutanensa da bakinsa, amma kada ka rubuta masa abin da zai ce.

Sannan in ka shiga cikin mutane, ka shiga da abin da zai amfane su ko ba su saya ba. Ka tashi a gidan amya, ka san abin da 'yan birni ba su sani ba. Gaya musu cewa zuma takan daskare da hunturu, kuma daskarewar ba ita ce alamar sukari ba, a sa kwalbar a ruwan ɗumi ta saki. Gaya musu launi da ɗanɗano suna bin furen da ƙudan ya ci, ta lokacin furen ɗorawa daban, ta wani lokacin daban, don haka baƙa ba ta fi fara gaskiya ba. Gaya musu ma'aikatan lafiya sun hana a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko da wannan zai rage maka ciniki, don na san gidaje da yawa suna lasa wa jarirai. Kada ka bi sahun masu lasifika a bakin kasuwa da ke cewa tana maganin cuta 99. Allah ya ce a cikinta akwai waraka ga mutane, a Suratun Nahli aya ta 69, ka tsaya a nan. Ka kuma kiyaye yawan rantsuwa a ciniki, hadisi ya ce tana sayar da kaya tana share albarka. In mutum ya saya, ka yi masa gyara ko cokali biyu ne a 'yar roba, yadda kakarka take ɗora ƙuli ɗaya a kan na kwabo.

Shi kuma babban da ya yi maka faɗa, kada ka amsa masa a zaure. Ka shirya ka je gidansa da ƙafarka, ka durƙusa ka gaishe shi, ka yi masa ta'aziyyar gwaggo, don 'yar'uwarsa ce ta kusa, ka ce ka yi kuskure. Kada ka tafi da zuma a wannan zuwan, zai zama kamar talla ka sake kawowa. Ka bari sai da azumi ka aika masa.

Mun sauke amya huɗu daren Asabar, ana tacewa yanzu. Ka aiko da jarkokin nan biyu ta hannun direban da ke zuwa Wudil ranar Juma'a, ka wanke su ka shanya su bushe sarai, don wancan karon akwai damshi a ɗaya, kuma ruwa yana sa zuma tsami. Ka gaida mahaifiyarka da mai ɗakinka da yara.

Kawunka.