Tambaya da Amsa: Shayin rage tumbi ya hana ni bayan gida, ga bugun zuciya

TAMBAYA:

Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 36, haihuwata huɗu, autana ya shekara biyu da rabi. Tun da na haife shi tumbina ya ƙi komawa, duk gidan bikin da na shiga sai an tambaye ni wata nawa. Har maigida ya fara yi mini ba'a. Wata uku ke nan ina shan wani shayin rage tumbi da na saya wajen wata mata a WhatsApp, safe da dare. Makon farko kilo 3 suka tafi, daga nan abu ya tsaya cak. Yanzu in ban sha ba sai in kwana uku ban zaga ba, in na sha kuma in kwana ina zarya banɗaki. Ga jiri in na miƙe, ƙafafuna suna ɗaurewa da dare, wani lokaci ƙirjina ya riƙa bugawa fat-fat. Na gaya mata, ta ce kitsen ne yake narkewa, in ƙara cokali ɗaya. Ina kuma shan maganin hawan jini. Don Allah ya zan yi? Tsoro ya fara kama ni, amma kuma ba na son tumbin nan.

AMSA:

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, tsoron nan da ya kama ki yana kan hanya, kada ki bari kowa ya kore miki shi da daɗin baki. Ki ajiye shayin nan daga yau, gobe da safe ki je asibiti a yi miki gwajin gishirin jini da na ƙoda, a auna hawan jininki, a duba bugun zuciyar. In kuwa kafin gari ya waye kika ji bugun ya ƙi lafawa, ko ƙirji ya riƙe, ko kina neman suma, to kada ki jira goben. Maganar tumbi za mu zo kanta, ba guduwa zai yi ba.

Jiri, ɗaurewar ƙafa da bugun ƙirji a jikin wadda ta yi wata uku tana zawo da gangan, abu na farko da zai zo wa kowane likita a rai shi ne ruwan jiki ya ƙone kuma fotasiyam, wani gishiri da ke cikin jini, ya sauka. Da fotasiyam zuciya take daidaita bugunta. Wasu magungunan hawan jini, irin masu sa yawan fitsari, su ma suna zubar da shi, kin ga ana ɗiba ta ƙofa biyu ke nan. Kada ki dakatar da maganin hawan jinin da kanki, kada kuma ki je kemis ki sayi ƙwayar fotasiyam ki sha, don yawansa ma kisa yake yi. Gwaji ne zai faɗi abin da za a yi.

To, bari in tsaya a kan maganar da matar nan ta gaya miki, don babu makon da zai wuce ban ji ta a ɗakin duba marasa lafiya ba, kuma na gaji da ita: wai kitse ne yake narkewa yana fita ta bayan gida. Ƙarya ce. Kitse ba ya fita ta bayan gida. Kitsen da ke cikinki ba a cikin hanji yake zaune ba ballantana a wanko shi kamar yadda ake wanke tukunyar miya. Yana ƙarƙashin fata ne, wani kuma yana can ciki ya lulluɓe kayan ciki, babu wata ƙofa tsakaninsa da masai. Hanya ɗaya yake barin jiki: jiki ya ƙona shi a matsayin makamashi saboda abin da aka ci bai kai abin da aka kashe ba. Idan ya ƙone, yawancinsa ta numfashi yake fita. An yi lissafin nan a mujallar likitocin Birtaniya a 2014: cikin kilo 10 na kitsen da mutum ya rage, kilo 8.4 iska ce da huhu ya fitar, kilo 1.6 ne kawai ruwa. Wannan abu mai yauƙi da kike gani a bayan gida, wanda masu talla suke cewa a duba a ga shaida, majinar hanji ce da yake fitarwa don an takura masa.

Mu yi lissafin kilo ukun naki ma. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin makamashin abinci, wajen 7,700. Kilo 3 sun haura 23,000. Mace mai irin shekarunki tana ƙona wajen 2,000 a rana, wato 14,000 a mako. Ko da a ce makon nan gaba ɗaya ko ƙwayar shinkafa ba ki sa a baki ba, ba za ki ƙona kilo 3 na kitse ba. Ruwa kika zubar da abin da ke cikin hanji, shi ya sa sikeli ya tsaya daga nan.

Abin da ke cikin yawancin irin wannan shayi ba baƙo ba ne a wurinmu: filasko ne. Kakanninmu sun san shi, maganin wankin ciki ne da ake sha sau ɗaya a ajiye. Ko wanda aka sarrafa ya zama ƙwaya a kemis, a jikin kwalinsa an rubuta kada a wuce mako guda ana sha sai da izinin likita. Aikinsa a babban hanji yake, alhali abincin da kika ci ƙaramin hanji ya riga ya tsotse amfaninsa tun kafin ya iso can. Wato tuwon ya shiga jiki, man ya shiga, sukarin ya shiga, sai ruwa da gishirin da jiki yake bukata su ne aka kora waje. An sa masa kwali mai hoton siririyar mace, an ninka kuɗinsa, shi ke nan ya tashi daga filasko ya koma shayin gyaran jiki.

Da a filaskon aka tsaya ma da sauƙi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda ba a rubuta ba. Akwai masu daka ƙwayar sa fitsari irin su Lasix su zuba a garin. Akwai wani magani, sibutramin, da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin toshewar jijiyar zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sha gano shi a ɓoye cikin kayan rage ƙiba masu iƙirarin ganye ne zalla. Yana ɗaga hawan jini, yana sa zuciya gudu. Ki auna wannan da halin da kike ciki. Su kuma masu cewa ai ganye ba ya cutarwa, su je su tambayi abin da ya faru a birnin Brasels na Beljiyam a farkon shekarun 1990. Wani asibitin rage ƙiba ya riƙa ba mata haɗin ganyen ƙasar Sin, aka yi kuskuren musanya wani saiwa da wani mai guba. Mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa suka koma wankin ƙoda ko dashe, wasu daga baya cutar daji ta kama musu hanyar fitsari. Wannan a Turai ke nan, a hannun masu takardar aiki. Ina ga garin da aka ƙulla a leda a ɗakin wata, babu suna, babu adireshi, sai lambar waya?

Mai shayin za ta ce miki ai da lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna. Da farko lambar ma a tabbatar ta gaske ce, don buga lamba a kwali ba wuya. Sannan ki juya kwalin maganin gargajiya mai rajista ki karanta, za ki ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi a kansa ba. Rubutun da Turanci yake, da ƙananan baƙaƙe, a inda ido ba ya kaiwa, tallan kuwa da Hausa ake yin sa da babbar murya a rediyo da waya. Ni dai wannan tsari bai taɓa gamsar da ni ba.

Na taɓa karɓar wata yarinya saura mako uku bikinta, an kawo ta ranga-ranga ba ta iya ɗaga ƙafa. Ƙawayenta ne suka haɗa mata shayin don rigar amarya ta zauna. Da muka tambayi uwar me take sha, sai ta ce babu komai, shayi ne kawai. Sai da ƙanwarta ta zaro ledar daga jaka. Kwana biyu tana shan ƙarin ruwa kafin ta miƙe da ƙafarta. Ku masu sayarwa, ku ji tsoron Allah. Mace ta ce miki zuciyarta tana bugawa, amsarki ita ce ta ƙara cokali? In ta faɗi a banɗaki cikin dare, wa zai ɗauki alhakin 'ya'yanta huɗu? Sau da yawa kuma hannun da yake sayar wa wannan na ragewa shi yake sayar wa waccan sha-ka-fashe na ƙara ƙiba, wanda in akwai sinadarin sitiroyid a ciki shi kansa yana tara kitse a ciki da fuska, ya kawo ciwon suga. Ku kuma maza, cikin nan da kuke yi wa dariya shi ya ɗauko muku 'ya'yan da kuke taƙama da su. Ba'arku ce take tura matanku hannun waɗannan mutane.

Ki san wani abu tun yanzu don kada ya ba ki tsoro: idan kika daina, ciki zai ɗaure na kwanaki, ƙafa da fuska suna iya ɗan kumbura, sikeli ya hau da kilo ɗaya ko biyu. Jiki ne yake riƙe ruwan da aka saba ƙwace masa, yana sakinsa da kansa cikin 'yan makonni. A daidai nan mata da yawa suke komawa ruwa, su ce ga shi na daina na ƙara ƙiba. Ki daure. Ki sha ruwa sosai, ki ci gwanda, lemo, wake da ganye, in abin ya ƙi likita zai ba ki mai laushin da ba ya murɗa hanji.

Sai tumbin. Kafin a ce kitse ne, a tabbatar. Ƙari a mahaifa, wanda ake ce wa faibiroid, yana ɗaga ciki, haka ruwan da ciwon hanta yake tarawa. Bayan haihuwa huɗu kuma, tsokar gaban ciki tana iya rabuwa biyu ta bar rata a tsakiya, sai ciki ya turo ko babu wani kitse mai yawa. Ki kwanta rigingine, ki tanƙwashe gwiwa, ki ɗan ɗaga kai, ki danna yatsu a saman cibiya. In fiye da yatsu biyu suka nutse a tsakani, ki nemi a tura ki sashen fisiyo, wajen masu gashi, su koya miki motsin da yake haɗa ta. A wannan hali motsa jikin nan na kwanciya da tashi yana iya ƙara turo cikin. Ko ga wadda tsokarta lafiya lau, ba ya cin kitsen wurin: a wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2011, mutane sun yi mako shida suna motsa tsokar ciki kwana biyar a mako, tsokar ta yi ƙarfi, kitsen yana nan inda yake. Bel ɗin ɗaure ciki kuwa matsewa kawai yake yi, kina cirewa kaya su koma mazauninsu.

Ki bar hawa sikeli kullum, ki ari tef ɗin tela. Ki auna tsakanin ƙarshen haƙarƙari da saman ƙashin ƙugu, bayan kin saki numfashi. Ga mace, daga santimita 80 an fara shiga haɗari, 88 ya yi yawa. Ga namiji 94 da 102. Mafi sauƙi ma, ki yanki zare daidai tsawonki, ki ninka biyu, ki zagaya cikin. In bai haɗu ba akwai aiki. Dalilin da ya sa mu likitoci muka damu da wannan awo ba rigar biki ba ce. Kitsen can ciki yana zuba kai tsaye cikin hanta, shi yake tafe da ciwon suga da hawan jini. Abin daɗin shi ne yana cikin masu saurin amsawa idan aka gyara ci aka motsa jiki, kuma rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi ma yana taɓa hawan jini.

A abinci, fara da abin sha, nan ɓarnar take. Kwalbar lemo ta santilita 50 tana ɗauke da sukari wajen giram 50, cokalin shayi 12 ke nan, daidai da iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka wa babban mutum a yini guda, ta ma ce rabin haka ya fi. Zoɓo, kunun aya, fura da shayin safe da ake ɗura wa sukari da ludayi duk layi ɗaya suke, na gida ne ba ya wanke su. Sai mai: cokalin cin abinci ɗaya kalori 120 ne, man gyaɗa ne ko manja ko zaitun. Ki duba yadda ake kwarara shi a kan garau-garau da ɗanwake har ya kwanta a gindin kwano, ki fara aunawa da cokali. Ban ce ki bar tuwo ba. Mai malmala biyu ta koma ɗaya, miyar ganye ta yi yawa, a samu wake, ƙwai, kifi ko nama a gefe don su ne suke riƙe ciki. Alale ya fi ƙosai, dafaffiyar awara ta fi soyayya, kwaɗon zogale ko rama da ƙulin da bai yi yawa ba ya fi cincin da fanke. Sauran abincin yara da ake cinyewa don kada a zubar, shi ma ci ne, a sa shi a lissafi.

Motsa jiki, bayan likita ya duba zuciyar ya ba ki izini: minti 150 zuwa 300 a mako na tafiya mai sauri, irin wadda za ki iya magana amma ba za ki iya rera karatu ba. Minti 30 bayan sallar asuba kwana biyar ya cika mafi ƙarancin. In fita tana da wuya, zagayen tsakar gida ma tafiya ce, Islamiyya kuma a je ta da ƙafa a bar adaidaita. Kwana biyu a mako ki ba tsoka aiki: zama da tashi daga kujera, tura bango, ɗaga galan ɗin ruwa. Ki nemi barcin awa bakwai in yaran sun bari. Rabin kilo a mako ci gaba ne mai kyau, tef kuma sau ɗaya a wata ya isa. Fatar da ciki huɗu ya buɗa ba lallai ta koma kamar ta budurwa ba, gara ki ji wannan daga bakina.

Gobe in za ki tafi, ki ɗauki ledar shayin da ragowar garin, da kwalin maganin hawan jininki, ki ajiye su a teburin likita. Ki faɗa masa cokali nawa kike sha, sau nawa a rana, tun yaushe, kada kunya ta sa ki rage ko ɗaya. Allah ya ba ki lafiya.