Ta ina Otobong Nkanga ta bi? Amsa ga ƙanwarmu mai zanen fuskoki

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tun jiya na ga tambayarki, na bari sai na samu natsuwa, don ba ta amsuwa da layi biyu. Kin ce kin gama karatun zane, kina zana fuskokin mutane da fensir da gawayi a nan Jos, amare da masu murnar ranar haihuwa suna saye. Sai kika ci karo da labarin mai zane Otobong Nkanga, kika ga an ce a Kano aka haife ta, ga shi kuma aikinta ya shiga manyan gidajen baje koli na duniya. Kina so ki san ta ina ta bi, kuma ko sai mai uwa a gindin murhu ke kaiwa can. Ni malamin zane ne a sakandare, ina taya abokai rataye aiki in an shirya baje koli a nan ko a Abuja, kuma na daɗe ina bin aikin wannan baiwar Allah ta hotuna da bidiyo da takardun baje kolinta.

Gaskiya ne a Kano aka haife ta a 1974, amma asalin gidansu Akwa Ibom ne, kuma a Legas da Faris ta taso. Ta fara karatun zane a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, ta wuce babbar makarantar zane ta Faris, daga nan ta tafi Amstadam ta zauna a Rijksakademie, gidan da ke ɗaukar masu zane ya ba su ɗaki da kayan aiki na wani lokaci su yi ta gwaji ba tare da tunanin mai saye ba. Yanzu a Antwap take zaune, a ƙasar Beljiyam. Abin da nake so ki lura da shi shi ne shekarun. Lokacin da aka ba ta lambar Yanghyun ta Koriya ta Kudu a 2015, ta haura arba'in. An gayyace ta documenta, babban baje kolin zane na ƙasar Jamus, a 2017, gidan zanen zamani na Shikago ya yi mata baje kolinta ita kaɗai a 2018, alƙalan babban baje kolin Benis na ƙasar Italiya suka ware ta da yabo na musamman a 2019, kuma ranar da aikinta ya cika tsakar gidan MoMA, babban gidan zanen zamani na Niyok, a 2024, shekarunta hamsin ne. Ita ce kuma aka ba lambar Nasher ta 2025, wadda ke zuwa da dala 100,000. Mu sai ƙarshen muke gani a waya. Shekaru sama da ashirin da suka gabace shi ba wanda ke turo mana hotonsu.

To me ta yi a waɗannan shekarun? A ganina nan ne amsarki take. Ba wai ta fi kowa iya fitar da hanci da ido ba ne. Tambaya ɗaya ta riƙe ta ƙi saki: abin da ake haƙowa ko tsinkowa daga ƙasa, ina yake zuwa, hannun wa yake bi, kuma me ake bar wa mutanen da aka ɗebe shi a wurinsu? Ko zane ta yi a takarda, ko saƙa, ko hoto, ko waƙe da muryarta, wannan tambayar ce a ciki.

Ki ɗauki aikinta na goro na 2012. Teburi ta kafa a ɗakin baje koli ta zauna, baƙo ya zo ya zauna gabanta su biyu, ya zaɓi fari ko ja, ta tsaga su ci tare, hira ta ɓarke kan inda goro ke fitowa da hanyoyin da fatake suka bi da shi. Duk Bahaushen da ya taɓa ganin an raba goron ɗaurin aure ya san nauyin wannan zaman. Ranar da na nuna wa ɗalibaina hotunan, wata yarinya cewa ta yi, "Malam, ai wannan kakata kullum tana yi." Na ce mata ƙwarai kuwa, bambancin kawai ita wannan ta gane cewa abin kallo ne kuma abin tambaya, ta nemi tarihinsa, ta tsara masa wuri.

A 2014, a baje kolin Balin, ta koma kan duwatsu masu ƙyalƙyali, irin wanda ake niƙawa a zuba a hoda da jan baki don su yi sheƙi. Bin sawun waɗannan ma'adinai ne ya kai ta Tsumeb a Namibiya a 2015. Da can akwai wani tsauni a wurin da ake kira Koren Tsauni saboda tagullar da ke jikinsa. Tun zamanin mulkin Jamusawa aka yi ta haƙarsa har ya ƙare, yau rami ne. Ta tsaya a bakin ramin ta ɗauki bidiyo, daga baya kuma wurin ya fito a manyan saƙe-saƙenta na rataye a bango.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na sabulu. Ita documenta duk shekara biyar ake yinta a garin Kasel na Jamus, amma ta 2017 an raba ta tsakanin Atina ta ƙasar Girka da Kasel. A Atina ta buɗe ɗakin dafa sabulu, aka haɗa baƙin sabulu da gawayi da mayuka daga ƙasashen bakin Bahar Rum da Gabas ta Tsakiya da Afirka. A Kasel aka jera sabulun kamar ginin bulo, wasu mutane suna yawo da shi, sai sun yi wa mai saye bayanin abin da ke ciki kafin su sayar masa. Kuɗin da aka samu da shi ta kafa wurin baje koli a Atina da gidauniya a Akwa Ibom mai aiki kan ƙasar noma. Wato baje kolin ya tashi amma aikin bai tashi ba.

Yanzu ki ɗaga kai ki dubi inda muke zaune, ƙanwata. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa ke kwasar kuza a wannan tudun na Jos, daga baya suka haɗa da ma'adinin kolumbait. Suka tafi suka bar mana kududdufai daga Rayfield zuwa Bukuru zuwa Barkin Ladi. Garin haƙar kuza ne ma aka tono mutum-mutumin yumbu na farko na mutanen da a ƙauyen Nok a 1928, kuma irin waɗannan abubuwan da aka tono ne suka sa Bature mai binciken kayan tarihi Bernard Fagg ya buɗe gidan tarihin Jos a 1952. Abin da Nkanga ta je har Namibiya nema, mu a keke Napep muke wuce shi kullum. Yana ɓata mini rai in shiga baje kolin matasanmu in tarar da fuskokin mawaƙa da 'yan ƙwallo da zaki da faɗuwar rana, ba ko aiki ɗaya da ya san akwai kududdufi a garin nan.

Nakan kai ɗalibai bakin irin waɗannan ramuka da rani. In kika tsaya kika dubi gaɓar da aka yanke, ƙasar hawa-hawa take: ja a sama, sai ruwan ɗorawa, sai fara mai laushi kamar alli, wani wurin har da shuɗi-shuɗi. Mukan ɗebo kowace a leda daban, mu shanya, mu daka a turmi, mu tankaɗe da rariya mai laushi, mu jiƙa ƙaro ya kwana, sannan mu kwaɓa. Jan da ke fitowa a takarda ba za ki same shi a kwalbar fenti ta shago ba. A gefe kuma za ki ga mata cikin ruwa har gwiwa suna juya kwano, yashi na zubewa, baƙar kuza na taruwa a gindi. Ki zauna da ɗaya daga cikinsu ki ji nawa ake sayen mudu, wa ke saye, ina mijinta, wa rami ya rufta da shi. Ba ina cewa ki kwaikwayi Nkanga ba ne, kwaikwayo ba ya kai kowa ko'ina. Mai yiwuwa ke tambayarki tana cikin kasuwar Farin Gada ne, ko cikin unguwannin da rikici ya raba ya sa maƙwabtan jiya ba sa shiga layin juna. Kuma kada ki yar da zanen fuska, shi ke ciyar da ke, hannunki kuma ya goge a kansa. Fuskar mai wankin kuza da aka zana da ƙasar ramin da take aiki a ciki tana da abin faɗa da hoton amarya ba shi da shi.

Batun ɗaurin gindi kuwa, ba zan ɓoye miki ba, zama a Turai ya taimake ta. Tana kusa da masu shirya baje koli, akwai tallafin kuɗi, akwai masaƙar Tilbag ta ƙasar Holan inda injina ke saƙa mata waɗancan manyan ƙyallayen. Mu ba mu da wannan. Amma ki tuna El Anatsui, mutumin Gana da ya zo koyarwa Jami'ar Nsukka a 1975 ya zauna a can shekara da shekaru, yana ɗinke murafun kwalba da wayar tagulla. Masu baje kolin ne suka yi ta hawa mota zuwa Nsukka, kuma a 2015 Benis ta ba shi babbar lambarta ta aikin rayuwa. Kafin shi Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira ashirin, daga Suleja tukwanenta suka je Landan. Sanayya tana buɗe ƙofa, amma mai buɗewar yana so ya ga aikin da zai iya tsayawa ya kare a gaban mutane.

Akwai wani abu da ke kashe mu wanda ba ruwansa da gata, wato rashin ajiye tarihin aiki. Dalilin da ya sa na iya kawo miki shekarun nan na Nkanga shi ne kowane aiki nata yana da suna da shekara da awo da hoto mai kyau. Wani tsohon ɗalibina ya kai zane-zanensa wani gidan sayar da zane a Abuja, ba takarda ba sa hannu, ko hotonsu bai ɗauka ba. Da ya koma aka ce masa biyu sun sayu, sauran ba a san inda suke ba. Kuɗin ya yi zafi, amma abin da ya fi ciwo shi ne da aka buɗe neman masu zane don wani zama na horo, ba shi da abin turawa. Don haka tun yau ki samu littafi. Duk aikin da kika gama ki ɗauke shi hoto da hasken safe a inuwa, ba da filashi ba, ki rubuta sunansa da shekara da tsawo da faɗi da abin da kika yi shi da shi, da wanda ya saya. Duk wanda zai karɓi aikinki ya sa hannu kan adadi da farashi da kason da zai cire.

Baje kolin farko kuma kada ki jira a kira ki. Ku haɗu ku huɗu ko biyar masu magana kusa da juna, ku nemi ɗaki ko da na makaranta ne, ku buga 'yar takarda mai kwanan wata da sunayenku. Shi ne layin farko a tarihinki. Daga nan ki riƙa leƙa Abuja, gidan zanen Thought Pyramid a Wuse 2 da gidan zanen Nike na hanyar filin jirgi, ki ga yadda ake rataye aiki da yadda ake rubuta bayaninsa. Ki shiga gasar Life In My City ta Inugu, don matasa aka kafa ta. In hali ya yi ki je baje kolin zane na ART X a Legas ko sau ɗaya ne ki buɗe ido.

In za ki je ɗibar ƙasa, kada ki je ke kaɗai, kuma kada ki matsa bakin gaɓa, tana zaftarewa ruwan kuma yana da zurfi. Baƙin yashin da ake zubarwa bayan an tace kuza ki bar shi a wurin, yana ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururin da ke cutar da jiki, ba abin dakawa a tsakar gida ba ne. Ki sa takunkumi lokacin tankaɗe. In kin gwada, turo mana hotunan a nan mu gani, ni da sauran malaman da ke cikinmu za mu gaya miki gaskiyar abin da muka gani. Allah ya yi wa hannunki albarka.