In ka kama otal a Legas, ka raina baffanka ne?

Wa alaikumus salam ɗana. Na ga saƙonka, wai kana so ka kawo iyali Legas in yara sun samu dogon hutu, amma kana tsoron in ka kama otal ba ka sauka gidana ba za a ce ka yi girman kai ko ka saɓa al'ada, sannan kana tambaya wace tsaraba ta dace. Allah ya yi maka albarka da ka tambaya, don wasu sai dai ka gansu a Facebook suna tsaye bakin teku, kai kana nan Agege ba ka ma san sun shigo gari ba.

Ka san abin da ya sa tun asali Bahaushe yake sauka wurin nasa? Kakanninmu fatake da suke gangarowa kudu da shanu da kanwa su koma da goro, kowa yana da mai masaukinsa a zango, shi zai ba shi wurin kwana, ya ajiye masa kuɗinsa, ya yi masa dillanci, in rigima ta haɗa shi da mutanen gari shi zai tsaya masa a gaban sarkin Hausawa. Da layin dogo ya isa Kano a 1911 sai abin ya ƙara ƙarfi, Agege ta cika da mutanenmu saboda tasha da cinikin goro. Har gobe ka je kasuwar Mile 12 ka gani, duk motar tumatir ko albasa da ta sauka daga Arewa akwai wanda take hannunsa. To ka ga tabarmar kwana ita ce ƙarama a cikin maganar, babban abin shi ne a san kana gari kuma a san a hannun wa kake.

Gidan Legas kuma ba gidan Kano ba ne mai zaure da tsakar gida da ɗakin baƙi. Ni ɗaki biyu da falo gare ni, banɗaki ɗaya, ga ƙannenka samari. In kuka zo wallahi ba wanda zai ɓata rai, Hajiya za ta bar muku ɗaki samari su koma falo, amma ka duba matarka mana, suruka ce, da hijabi za ta wuni cikin zafin nan namu mai danƙo, ba za ta ci ta ƙoshi ina falo ba, ba za ta miƙe ƙafa ba, asubar fari za ta riga kowa tashi ta kama shara da wanke-wanke don kar a ce matar wane ƙyuya gare ta, ta koma Kano a gajiye kai kuma kana ta ba abokai labarin kun je hutu. Saboda haka kama otal ɗinka, ni na yarda kuma duk wanda ya yi magana ka ce ni na ce. Ka nema a Ikeja, kusa da filin jirgi ne kuma kusa da mu.

Amma fa da sharaɗi. Ku ajiye kaya ku yi wanka ku taho nan, abincin farko a gidana za ku ci shi, kar ka kuskura Hajiya ta ji kun ci shinkafar otal alhali tun safe tana kan tuwo, ni ba zan iya rabon wannan faɗan ba. Manzon Allah (SAW) ya ce baƙunta kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne, to in ka ɗauke mana nauyin kwanan kar ka hana mu ladan ciyarwa. Yaran kuma ka bar su ko dare ɗaya su kwana nan su yi ta tsalle da 'yan'uwansu, su ba ruwansu da matsi, ta haka za su san juna. Washegari ni da kaina zan kai ka Idi-Araba wurin goggonka, ta girme ni, in ta ji zuwanka a bakin wani sai ta shekara tana mita. Kuma kar ka lissafa gida uku a rana ɗaya kamar kana zagaya Fagge da Gwammaja, a nan gida ɗaya ne a wuni, gosulo zai cinye sauran. Ranar tafiya ma ba a sallama ta waya, ka zo da ƙafarka a yi addu'a, zumunci a ƙafa yake.

Tsaraba kar ka wahalar da kanka da kayan kanti, mu ne a bakin ruwa inda suke sauka. Kawo kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da man shanu, kilishi, ɗan dambun nama, zuma in ka samu mai kyau. Eh duk ana samunsu a Agege amma wanda aka ɗauko daga gida daban yake, ko ba komai an ce daga Kano ya zo. Kowane gida ka ƙulla masa nasa daban tun daga can, kar a zo gaban mutane ana kasawa, ka kuma ƙara ɗan kilishi na maƙwabta, Hajiya ta san yadda za ta raba. Mai gidan da muke haya dattijo ne Bayerabe, zan shigar da ku ku gaida shi, su Yarbawa ba sa wasa da gaisuwa, ɗansu namiji kwanciya yake yi mace ta durƙusa, ku ba sai kun kwanta ba amma yara su rusuna sosai, kuma ka ja musu kunne kar wanda ya miƙa ko ya karɓi abu da hagu. In kana so ka sa hannu a cefane kar ka miƙo min kuɗi a gaban yara, ba zan karɓa ba, ka ba matarka ta kai wa Hajiya a ɗaki su ƙarata can. Ita ma Hajiyar za ta haɗa muku nata, manja da garin rogo da turmin atamfa, kar ka ce kaya sun yi nauyi, ɗauka za ka yi.

Sai maganar teku, don na san shi yaran suke ɗoki. Bar Beach ɗin da mahaifinka yake ba ku labari babu shi yanzu, an cike wurin da yashi an yi sabuwar unguwar Eko Atlantic a kai. Yanzu sai Elegushi can Lekki ana biya a ƙofa, ko Tarkwa Bay da sai an hau jirgin ruwa, ruwan can ya fi lafawa amma kar kowa ya taka jirgin sai an ba shi rigar kariya har jaririn. Ku je da safe a ranar aiki, don Asabar da Lahadi da yamma kiɗa ne da giya da shigar da ba za ka so 'ya'yanka mata su gani ba. Matarka ta je da hijabinta ba mai kallonta, Musulmi sun yi yawa a garin nan. Abin da nake ji maka shi ne ruwan kansa, ba dam ɗin Tiga ba ne, kana tsaye iya idon sawu igiya za ta zo ta koma ka ji yashi yana zarewa a ƙarƙashin ƙafarka, a haka yake jan mutum, kuma lokacin damina ya fi haushi. Hannun ƙananan ya zauna cikin naka, kar ka saki don ɗaukar hoto. Ruwan sama ya fi ƙarfi a Yuni da Yuli, a Agusta yakan ɗan tsagaita, duk da haka ku riƙo lema.

Ni da za ka bi tawa, kafin tekun ma ka kai su gidan tarihi na Onikan, motar da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana nan da hujojin harsashi a jikinta, ɗan Kano bai kamata ya zo Legas ya koma bai tsaya gabanta ba. A hanya za ku bi gadar Third Mainland, kilomita 11.8 a kan ruwa, Babangida ne ya buɗe ta a 1990, ka sa yara kusa da taga. Akwai kuma gandun dajin Lekki Conservation Centre, yana da gadar igiya mai tsawon mita 401 da ta bi ta saman bishiyoyi, birai na yawo, a ɓoye abinci don fizge suke yi. Juma'a mu je babban masallaci na titin Nnamdi Azikiwe, daga nan mata su faɗa kasuwar Balogun, ka tanadi haƙuri da aljihu. Tunda kun yi niyyar wuce kwana huɗu, salla cikawa za ku yi ba ƙasaru ba, kuma ka lura lokacin salla a nan yana bayan na Kano, kar ka bi lokacin gida ka yi magariba rana ba ta faɗi ba.

Zirga-zirga akwai jirgin ƙasa na Red Line da yake bi ta Agege zuwa Oyingbo, da katin Cowry ake hawa, shi ne dai na manyan motocin bas na BRT, zan sa a tanadar muku. Acaɓa an hana shi a Ikeja da cikin Ailan, wato tsibirin Legas, tun 2022, dama ba abin hawa da iyali ba ne, kuma duk motar da ta tsaya muku a bakin titi ba a tasha ba kar ku shiga ko da kyauta ce.

Ka turo min rana da lokacin saukar jirgin da wuri, ƙaninka zai tare ku a filin jirgi. Hajiya tana gefe tana cewa in tuna maka daddawar ta kalwa take so, mai yawa. Ka gaida mahaifiyarka da jiki, ka gaida mutanen gida duka.